Abokin yarintata ya rasu farat ɗaya, na kasa komawa daidai

Assalamu alaikum Anti. Ni magidanci ne, shekaruna 36, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wata biyu ke nan da rasuwar wani abokina da muka yi firamare tare a cikin gari, benci ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida, makarantar allonmu ma ɗaya. Sakandare ce ta raba mu, daga nan sai haɗuwar biki da suna, sai gaisuwa a guruf ɗinmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan aji. Lafiyarsa ƙalau, ya dawo daga sallar asuba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina hanyar dawowa daga Legas aka yi jana'izarsa, a waya na ga sanarwa. Abin da ya fi ci mini rai, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya kira ni sau biyu ina tsakiyar ciniki, na ce zan neme shi da daddare, na manta. Na je gaisuwa ranar uku, na zauna a rumfa ba wanda ya san ni, na kasa shiga in gaida mahaifiyarsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku. Yanzu ba na iya barci, ƙirjina yana yi mini nauyi, da na kwanta sai in ji ni ma yau ce. Na sha ɓuya a bayan shago in yi kuka. Maiɗakina ta ce abin ya yi yawa tunda ba ɗan'uwana ba ne, 'yan majalisarmu kuma suka ce ƙarancin tawakkali ne. Anti, imanina ne ya yi rauni? Kuma yaya zan yi da wannan kiran da ban mayar ba?

Ɗan'uwa daga Fagge

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa can ta fi masa nan, Ya raya abin da ya bari. Kai kuma ƙanena, ya haƙuri? Da niyya na fara da yi maka wannan gaisuwar, domin na lura wata biyu ke nan ba wanda ya yi maka ita. Ka je ka yi wa mutane ta'aziyya, ka tashi ka koma shago, ba wanda ya san kai ma an yi maka mutuwa.

Haka zaman makokinmu yake tafiya. Kowa an san wurinsa: uba da 'yan'uwa maza suna rumfar ƙofar gida, uwa da matar mamaci suna ciki da dangi mata, maƙwabta suna shige da fice da kwanukan abinci. Abokin yarinta ba a tanadar masa tabarma ba. Cikin ayarin masu gaisuwa zai zo, a yi addu'a a shafa, ya miƙe ya ba na bayansa wuri. Ba laifin kowa ba ne, jini da aure aka duba aka yi tsarin. Sai dai zuciya ba da wannan ma'aunin take aiki ba. Magabata sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma sabo kaɗan ne ya kai na mutumin da ya san ka tun kana saɓa allo a kafaɗa.

Wanda kuka yi shekara shida a benci ɗaya yana riƙe da abubuwan da maiɗakinka ba ta sani ba, 'yan majalisarku ma ba su sani ba. Ya san ranar da aka zane ku tare saboda latti. Ya san wanda yake zuwa babu kuɗin tara a cikinku sai an raba awara ko gurasa biyu. Ya san tashen da kuka yi da azumi, da inda kuke tsayawa kallon hawan Daushe, ya san iyayenka lokacin suna da sauran ƙarfinsu. In kun haɗu a wurin ɗaurin aure, ko gaisuwar tsaye ce, da sunan tsokanar da kowa ya manta zai kira ka. Irin wannan mutum ba sai kuna haɗuwa kullum yake zama naka ba, sanin cewa yana nan a garin ya wadatar. Yanzu akwai abubuwa da yawa da in ka ce "ka tuna?" babu mai amsa maka. Wannan rashi ne na gaske, kada ka yarda a ƙanƙanta maka shi.

Ga shi kuma sa'anka ne. Mutuwar tsoho tana da zafi, amma rai ya daɗe yana shirya mata. Mutuwar wanda aka kai ku makaranta shekara ɗaya, yana tafe da ƙafarsa daga masallaci, ita kai tsaye take tuna maka taka. Kewarsa da tsoron kanka suka haɗe maka wuri guda, shi ya sa dare yake yi maka tsawo.

Ka tambaye ni ko imaninka ne ya yi rauni. A'a. 'Yan majalisarku ba mugunta suke yi maka ba, abin da suka taso suka ji suke maimaitawa, wai namiji ba ya kuka, mumini ba ya girgiza. Amma ba haka aka koya mana ba. Imam Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa, sai idanunsa suka kama zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Wa ya kai shi tawakkali?

Ka buɗe Suratu Yusuf ka karanta daga aya ta 83 zuwa ta 86, a hankali, da fassara. A aya ta 83 Annabi Yaƙub (AS) ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi. A aya ta 84, wadda take biye da ita, an ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Alƙur'ani bai ga karo tsakanin biyun ba. A ta 85 'ya'yansa suka ce masa ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya lalace ko ya halaka, kusan maganar da ake yi maka yau ke nan. Shi kuwa ya ce wurin Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa. Abin da shari'a ta hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da furta kalaman ja da hukuncin Allah. Ban ga ko ɗaya a wasiƙarka ba. Wani zai kawo maka maganar kwana uku. Wannan iyaka ce ta zaman makoki da barin ado, ba wa'adi aka yanka wa zuciya ba.

Sai maganar kiran, wadda na san ita ce take tashin ka tsakar dare.

Kiran nan yana cin ka ne saboda ya zama na ƙarshe. Amma ranar da wayar ta yi ƙara ba wanda ya san na ƙarshe ne. Kira ne irin wanda duk ɗan Kwari yake gani a yini yana tsakiyar ɗaga wa mai saye turmi, ko lissafi da dillali, ya ce anjima. Kana yi wa kanka shari'a da ilimin da ba ka da shi a ranar. Ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34, ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. Wannan ya haɗa da kai, ya haɗa da shi. Bai kira ka don ya yi maka bankwana ba, shi ma yana da shirin mako mai zuwa a ransa kamar kowa.

Ba zan ce maka babu komai a ciki ba, domin ba za ka yarda ba, kuma ba gaskiya ba ne. Ka yi niyyar kira ka manta. Girman abin ke nan, mantuwa ce da ɗan sakacin zumunci. Ka nemi gafarar Allah a kanta da gaske, ka roƙa wa abokinka gafara, ka ajiye ta a girmanta. Abin da nake hana ka shi ne ka riƙa hura ta kullum dare har ta koma kamar kai ka yi sanadinsa. Da ka ɗauki wayar, da kun yi hirar awa guda, asubar nan tana nan yadda aka rubuta ta. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce haka Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Yake aikatawa, domin faɗin "da" yana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Duk daren da tunanin ya taso, ka furta wannan da bakinka, ka tashi ka yi alwala, ka yi masa addu'a da sunansa. Haka za ka yi ta yi har tunanin ya gaji. Kuma in za ka tuna kiran, ka tuna shi gaba ɗaya: bayan shekaru masu yawa da rabuwarku, kana cikin waɗanda yake ɗaukar waya ya nema har sau biyu.

Na san akwai wani tunanin a ƙarƙashin wannan, wanda ba ka rubuta ba: ko wata matsala ce ta taso masa yake neman ka taimaka? Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma gayyatar ɗaurin aure ce, ko farashin atamfa yake so ya ji. Juyi a kan katifa ba zai ba ka amsa ba, amma akwai hanyar da za ta ba ka. Ka nemi wansa ko ƙanensa, ku keɓe, ka tambaye shi ko marigayin ya bar bashin da ba a biya ba, ko wata hidima da ya ɗauko bai ƙarasa ba. Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza, cewa mai bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, ba kullum take ƙarewa da biya ba, musamman in abin da aka bari bai taka kara ya karya ba. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. An taɓa kawo gawa Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauka a kansa. In ka tarar da wani abu, ka biya gwargwadon ƙarfinka ba tare da shela ba. In da taimako ya nema a wannan kiran, ka ga ka amsa masa a lokacin da ya fi bukata.

Rashin samun jana'iza ma yana da nasa aikin a cikin halin da kake ciki. A Kano wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi, kuma gaggauta sutura sunna ce. Amma wanda yake kan hanya bai ga makara ba, bai zuba ƙasa ba, rubutu kawai ya gani a waya, zuciyarsa takan daɗe ba ta gaskata ba. Ba kai kaɗai ba ne. Ranar da Manzon Allah (SAW) ya yi wafati, Sayyidina Umar da kansa ya miƙe yana cewa bai rasu ba, sai da Sayyidina Abubakar ya karanta aya ta 144 ta Ali Imrana, sannan ƙafafunsa suka kasa ɗaukar sa.

Don haka ka je kabarinsa. Ka roƙi ɗan'uwansa ya raka ka, ko maƙabartar Dandolo ce, ko Ƙofar Mazugal, ko Tarauni, duk inda aka kai shi. Kada ka ja lokaci, kaburburanmu ba gini ake yi musu ba, damina ɗaya takan sa a kasa bambance su. Lokacin da wata mata mai sharar masallaci ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah (SAW) ba, cewa ya yi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi ba a maimaita sallar jana'izar da aka riga aka yi cikin jam'i, wasu mazhabobin kuma sun halatta, wannan ka tambayi malaminka. Amma sallama da addu'a ba wanda ya hana ka. Ka tsaya ka ce: Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya. Sannan ka roƙa masa gafara da Hausarka, yadda ta zo maka. In hawaye ya zo ka bar shi ya zuba.

Daga nan sai babban aikin, wanda in abu ɗaya za ka ɗauka a duk amsar nan to shi nake so ka ɗauka. Ka je ka gaida mahaifiyarsa.

Ku maza kuna ganin makoki daga rumfa ne, ba ku cika sanin abin da ke biyo baya a cikin gida ba. Kwanakin farko gidan cike yake, uwa ba ta ma samun sararin jin zafin. Bayan bakwai an kwance rumfa, dangin nesa sun koma. Bayan arba'in waya ta daina ƙara. Daidai wannan lokacin da kake jin ka makara, shi ne lokacin da tsakar gidan ya yi tsit, ta fara lura da sa'ar da yakan leƙo ya gaishe ta kafin ya fita nema. Ba ka makara ba, yanzu ne ma zuwanka zai fi amfani. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce Hajiya ni ne wane ɗan gidan wane, abokinsa na firamare da makarantar allo. Uwa ba ta cika manta yaran da suka yi wasa a zaurenta ba.

Ba sai ka ɗauki kaya niƙi-niƙi ba, ɗan sabulu da turare ko lemo da ayaba sun isa. Abin da za ka kai mata wanda ba wanda ya kai shi ne labarinsa. Ta ji "Allah Ya jiƙansa" daga bakuna masu yawa, kuma tana godiya, amma yanzu mutane sun fara kauce wa sunansa a gabanta don kada su tayar mata da hankali, ita kuwa ba abin da take so irin a ambace shi. Ka ba ta labarin wani alheri da ya yi maka kuna yara, ko wata ƙiriniya da kuka yi wadda ba ta taɓa ji ba. In ta yi kuka kada ka rikice ka fara wa'azi, kada kuma ka zabura ka ce za ka tafi, ka zauna shiru har ta share hawayenta. In kuwa ɗan fari ne, kada ka yi mamaki ka ga ta kawar da kai, ba ta kama sunansa ba, ta amsa maka a gajarce. Kunyar ɗan fari ce. Irin waɗannan iyayen su suka fi shan wuya, domin ko a makokin ba su samu damar nuna komai ba. Tana jin ka sarai.

Kuma kada ya zama zuwa ɗaya. Ka yanka wa kanka abin da za ka iya riƙewa, ko Juma'a ɗaya a wata bayan an sauko daga masallaci, da salla kuma ka ware mata turmi a shagonka. Manzon Allah (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta. Haka ake riƙe mamaci, ta hanyar mutanensa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙofar nan ba ta rufe da rasuwarsa ba.

Matarsa tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Baƙara ta faɗa. A nan ka yi taka-tsantsan. Kada ka karɓi lambarta kana kira, kada ka riƙa aike kai tsaye, ko da niyyarka fara ce tas. Ka san bakin mutane, kuma ita abin zai fi cutarwa. Duk abin da za ka yi mata da yaran ya bi ta hannun maiɗakinka, ko Hajiya, ko wanda yake tsaye a kan marayun a cikin danginsa.

Guruf ɗinku na 'yan aji zai iya yin abin kirki a nan, in an bi shi da hankali. Abin da aka saba gani shi ne makon farko kowa ya sa hoton marigayi a waya, a yi alƙawura masu nauyi, a tara wani abu sau ɗaya, bayan arba'in hira ta koma siyasa da ƙwallo. Yara uku kuwa kuɗin makaranta zango uku ne a kowace shekara, har su girma. Gara mutum goma su ɗauki ɗan abin da ba zai gagare su ba kowane wata, da a tara mai yawa rana ɗaya a watse. Ku sa mutum biyu su riƙe lissafi a rubuce, a biya makaranta kai tsaye a karɓo rasit, dangin yaran su san da maganar. Abin da aka tara da sunan maraya ya zama nasa, kuma ka san kashedin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i. Ina roƙon ku kuma kada a ɗauki hoton yaran ana miƙa musu kaya a watsa. Za su girma su gani.

Sadaka kuma tana isa gare shi. A babin da Imam Bukhari ya ware wa mutuwar fuju'a, ya kawo hadisin Nana A'isha cewa wani mutum ya ce mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana zaton da ta samu damar magana da ta yi sadaka, shin tana da lada in ya yi mata? Manzon Allah (SAW) ya ce eh. Ruwan sha a masallacin unguwarsu, ko taimaka wa masu haƙar kabari a maƙabartar da yake kwance da kayan aiki, duk ƙofofi ne a buɗe.

Yanzu jikinka. Baƙin cikin da ake dannewa kamar ruwan sama ne a kan soron ƙasa, in an toshe indararo cikin ɗaki yake zubowa. Rashin barci, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba da rashin cin abinci duk suna zuwa da rashi, musamman na farat ɗaya. Amma ban yarda ka zauna kana cewa ai damuwa ce kawai ba. Ka je a auna jininka, ko a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ne, ka gaya wa likita maganar ƙirjin. Hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da suke da shi ba su san suna da shi ba, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, to magana ta zama ta likita da magani. In kuwa ka ji ƙirji ya matse, ciwon yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ga gumi ga numfashi sama-sama, wannan ba a jira gari ya waye, asibiti za a nufa nan take. Ka faɗa wa 'yan ajinku su ma su je awo, shekarunku sun kai.

Kada ka je kyamis ka ce a ba ka abin barci, kada kuma ka karɓi ƙwaya ko kwalba daga hannun aboki. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi, kuma mu a Kano mun ga ɓarnar da idonmu. Neman barci ƙofa ce da mutanen kirki suke shiga wannan masifar ta cikinta. Ka rage shayi mai kauri da daddare, ka ajiye waya in ka kwanta, ka daina komawa kan tsofaffin saƙonninsa tsakar dare, ka riƙe azkar ɗin kwanciya.

Wata biyu ba lokaci mai tsawo ba ne a rashi irin wannan, kuma yawanci abin yana sassautawa da kansa, yau sauƙi gobe ya dawo, har ranakun sauƙin su rinjaya. Amma akwai wanda nasa yake kafewa. Tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa a cikin abubuwan da ake yi wa magani. Ba sai ka jira wata shidan ba. In ka ga ka kasa fita kasuwa, ko tsoro yana taso maka har ka ji numfashinka zai ɗauke, ko ka fara jin gara ka bi shi, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, kuma ka gaya wa wani naka a ranar. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

Tsoron mutuwar kuma, maimakon ka kwana da shi, ka sa shi aiki. Kasuwancin Kwari rabinsa a kan amana da bashin baki yake tafiya, mutum ya faɗi yau, gobe magada su rasa wa ake bi, wa yake bi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Ibn Umar kuma ya ce bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ka sayi littafi, ka rubuta wanda kake bi da wanda yake bin ka da kayan mutane da ke hannunka, ka nuna wa maiɗakinka da wani ɗan'uwanka inda yake. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, kuma mai tsoron barin iyalinsa cikin rikici yakan samu barci in ya san ya gyara wannan.

Maiɗakinka kada ka riƙe ta a rai. Ba ta san yaron nan ba, abin da ta sani shi ne mijinta ya daina barci ya daina walwala, kuma tsoro ne ya fito daga bakinta da siffar faɗa. Kai ma ɓoye mata kake yi, a bayan shago kake kukanka, to ta yaya za ta gane girman abin? Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka ba ta labarinsa tun daga aji ɗaya, ka gaya mata maganar kiran, ka ce kana bukatar ta raka ka gidansu. Ku tafi tare wannan Juma'ar, kai ka tsaya wurin Hajiya, ita ta shiga ɗakin mai takaba. Awon jinin kuma kada ya wuce makon nan.